Magarya da Dungas: Inda iya magana a gaban jama'a ya zama batun rai da mutuwa

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama a watan Yuli, akwai wani aiki da ake bi gida-gida ana yi a ƙauyukan Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Matasa ne, galibi 'yan garin, ke ɗaukar kwalin magani da takardar rajista suna sallama a ƙofar kowane gida, domin ba yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina.

Ƙwayoyi ne ake ba yaro daga ɗan wata 3 zuwa wata 59. Kashin farko a gaban mai rabon ake shan sa. Sauran biyun ana barin su a hannun uwa, ta ba da ɗaya gobe, ɗaya jibi. Bayan wata guda a sake dawowa, haka har zagaye huɗu.

Da mai rabo ya juya ya fita, abin da ya bari a gidan abu biyu ne: ƙwayoyi da kuma maganar da ya faɗa cikin 'yan mintocin da ya tsaya. Idan maganar ta shiga, yaron zai sha magani kwana uku a jere. Idan ba ta shiga ba, uwar na iya adana ƙwayoyin sai ranar da jikin yaron ya yi zafi, ko ta raba su da yayansa, ko ta daina bayarwa saboda ya yi amai a ranar farko kuma babu wanda ya gaya mata abin da za ta yi idan hakan ta faru.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da ya san zafin zazzaɓi. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005. A watan Satumban 2018 ta sanar da cewa a tsawon wata guda kusan yara goma ne ke rasuwa a kullum a sashen yara na asibitin garin, inda aka kwantar da sama da 700 a lokaci ɗaya, yawancinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutum sama da dubu 570, Dungas kuma, wadda aka cire daga Magarya a 2011, sama da dubu 350. Yau sun zarce haka nesa ba kusa ba. A ƙasar da manyan da ke iya karatu da rubutun boko ba su kai huɗu cikin goma ba, takardar da aka manna a bangon ofishin magajin gari mutane ƙalilan take yi wa amfani. Labarin rigakafi, na taki, na ranar rufe iyaka, na rikicin gona da makiyaya, duk da baki suke isa ga jama'a. Saboda haka tambayar wa ke magana, da yadda yake yin ta, ta shafi kowane gida.

Sankira bai yi makarantar jarida ba

Yankin ya daɗe da sanin darajar masu baki. Dungas da Washa suna cikin tsoffin ƙasashen Sosebaki da Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19, Magarya kuma tarihinta a ɗaure yake da na gidan sarautar Daura da ya watsu zuwa arewa bayan jihadi. A irin waɗannan fadoji sarki ba ya ɗaga murya. Yana faɗin magana a hankali, wani ya ɗauke ta ya isar wa taro da ƙarfi, ya gyara mata zama, ya ƙara mata gishiri inda ya kamata.

Haka ma mai shela a ranar kasuwa. Duk wanda ya tsaya ya lura da shi zai ga yana bin tsari, ko da shi kansa bai taɓa kiran sa tsari ba. Ba ya fara magana sai ganga ta sa mutane sun waiwayo. Yana faɗin wanda ya aiko shi tun farko, domin a san nauyin saƙon. Saƙo ɗaya yake ɗauka. Yana ambaton rana da wuri sau biyu ko uku, ya matsa gaba zuwa rumfar masu hatsi ya maimaita, ya je kara wajen masu dabbobi ya sake. Yanzu lasifika ce a kan babur ta maye gurbin ganga a wurare da dama, amma wanda ya iya aikin har yau haka yake yi.

Maimaitawar nan da ɗan boko ke gani kamar ɓata lokaci, ita ce ginshiƙin magana ta baki. Mai karanta jarida idan ya ɓace yana komawa layin baya. Mai sauraro ba shi da wannan damar, sai dai mai maganar ya dawo da shi. Malamai ma suna kawo ruwayar cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta, da kuma wadda ke nuna cewa taƙaita huɗuba alamar fahimtar mai yin ta ce.

Ni kaina a wani ƙauye na ɓangaren Dungas na koyi wannan darasin, kuma ban ji daɗin koyon sa ba. Ina cikin horon aiki, na bi wata ƙungiya zuwa taron wayar da kai a gindin gawo, aka ce in yi bayani tunda ni ne ɗan jarida. Na tashi na yi kusan minti goma sha biyar. Na fara da sunan shirin da masu ba da kuɗinsa, na jera manufofi, kuma ba tare da na lura ba kusan kowace jimla sai na cusa mata kalmar Faransanci. Da na zauna, wani dattijo ya yi gyaran murya, ya roƙi wakilin mai gari cikin ladabi da ya fassara musu abin da baƙo ya faɗa zuwa Hausa. Aka yi dariya, har da ni, don ba ni da abin yi da ya wuce hakan.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne yadda wakilin ya yi. Bai ambaci sunan shirin ba ko sau ɗaya. Ya fara da rijiyar garin da kowa ya san halin da take ciki, ya faɗi abin da ake so kowane gida ya yi, ya faɗi ranar da za a dawo, ya tambaya ko an ji. Jimla huɗu ko biyar. A makaranta an koya mana numfashi da riƙe makirufo da tsara labari, kuma duk sun yi mini amfani. Amma wakilin nan ya san mutanen da ke gabansa, ni kuwa da takardata nake magana.

Tun daga ranar na daina ganin doguwar gaisuwar taron ƙauye a matsayin al'ada kawai. Addu'ar liman, barka da zuwan mai gari, tambayar hanya da iyali da damina, a cikin wannan lokacin ne jama'a ke auna baƙo: yaya yake zama, wa ya fara gaisarwa, yana kallon mutane ko agogonsa. Kafin ya buɗe baki a kan abin da ya kawo shi, rabin hukuncin an riga an yanke.

Makarantar da babu malami a cikinta

Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, masanin falsafar Girka Aristotal ya ce abubuwa uku ke sa magana ta karɓu: mutuncin mai yin ta, yadda ta taɓa zuciyar mai sauraro, da hujjar da ke cikinta. Har yau a kan wannan rabon ake gina darussan jawabi a jami'o'i. A karkarar Damagaram na farkon ya fi sauran nauyi ƙwarai, kuma akwai shiri ɗaya da ya fahimci hakan tun da wuri.

A 2008 Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, ya fara abin da ake kira makarantar mazaje a jihar Damagaram, da makarantu 11 na gwaji. Bande, a gundumar Magarya, na cikin wuraren da shirin ya yi suna. Dalilin kafa shi shi ne binciken da ya nuna cewa a gidaje da yawa miji ne ke yanke shawarar ko mace za ta je awon ciki ko ta haihu a gidan likita, amma duk wayar da kan da ake yi mata kaɗai ake tarawa.

Abin lura a nan shi ne yadda ake zaɓen 'yan makarantar. Ba a neman wanda ya fi kowa zaƙin baki. Ana neman magidanci da ya kai shekara 25, wanda matarsa ke zuwa gidan likita, wanda gari ya shaide shi da halin kirki. Wato kafin ya ce uffan, gidansa ya riga ya yi magana. Suna haɗuwa kamar sau biyu a wata, babu malami babu ɗalibi, su tattauna matsalar da ta taso a garin, wani lokaci tare da ungozomar asibiti ko malamin addini. Daga nan su ɗauki maganar zuwa inda maza ke zama: majalisar ƙofar gida, wurin suna, ɗaurin aure, bakin masallaci.

Alƙaluman nasara da ƙungiyoyi ke fitarwa game da shirye-shiryensu, ɗan jarida yana karɓar su da taka-tsantsan. Amma dabarar kanta ta tsaya da ƙafarta, shi ya sa ta bazu zuwa sauran jihohin Nijar har ta tsallaka wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Magidancin da zai toshe kunne idan saurayi ɗan birni ya yi masa maganar cikin matarsa, zai saurari abokin da suka yi kaciya tare.

Tambayar da ake gudu

Tsakanin 1 ga Nuwamban 2022 da 27 ga Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, 18 suka rasu. Daga cikinsu 342 a gundumar lafiya ta Dungas suke, wadda ta fi ko'ina shan wahala. Sanƙarau ciwo ne da ke kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu idan aka yi jinkiri. Duk bayanin da za a yi wa jama'a bai wuce alamomin ciwon ba, da gaggawar kai mara lafiya asibiti, da fitowa rigakafi. Amma a wannan yanki mai bayani yana magana ne a kan wani tsohon tabo.

Dungas na kallon Maigatari ta jihar Jigawa, Magarya na kallon Babban Mutum ta jihar Katsina. Kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake yi, labarin Kano kuwa kafin yamma ya iso. Manya ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda 11 suka rasu. Ba su manta da 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004 saboda zargin an gurɓata shi, cutar kuma ta samu hanyar komawa ƙasashe da dama.

A irin wannan taron akan samu wanda zai ɗaga hannu ya tambayi abin da kowa ke tunani: don me ake bin mu har gida da wannan kyauta, alhali idan yaro ya kwanta sai mun sayi magani? Yadda mai jawabi ya karɓi wannan tambaya shi ke raba gwani da ɗan koyo. Wani yakan yi fushi, ya kira mai tambayar jahili, ko ya ce ba shi aka aiko shi yi ba. Da ya yi haka taron ya tashi, ko da mutane suna zaune. Gwani yakan maimaita tambayar da ƙarfi don kowa ya ji, ya yarda cewa tana da tushe, ya amsa iyakar abin da ya sani, sauran ya ce zai kai wa na sama da shi, kuma ya dawo da amsa. A ganina wannan ne ɓangaren da aka fi sakaci da shi wajen horar da masu wayar da kai. Ana cika musu baki da abin da za su faɗa, ba a koya musu tsayawa su ji ba.

Lakwal ta koya mana shiru

Me ya sa saurayin da ke iya riƙe fada da hira har tsakar dare, idan aka ce ya tashi a gaban taro sai murya ta sarƙe? Wani ɓangare na amsar yana cikin aji. Yaron Yekuwa ko Gushi yana shiga makaranta da Hausar da yake tatsuniya da kacici-kacici da ita, sai a tarbe shi da harshen da bai taɓa ji a gida ba. Abin da ake kira magana a aji yawanci hadda ce: a tashi a maimaita, a zauna. Wanda ya yi kuskure a yi masa dariya. Bayan shekara shida ya koyi cewa hanya mafi sauƙi ta tsira ita ce yin shiru. Ya fito da Faransancin da bai isa yin muhawara ba, da Hausar da aka nuna masa ba ta taro ba ce.

Ba yau aka gano matsalar ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a birnin Damagaram, sai dai shekaru da dama aka yi ana kiran ta gwaji. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa da hukumomin soja suka amince da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Matakin ya jawo muhawara, musamman daga masu magana da sauran harsunan Nijar, kuma muhawarar tana da hujja. Amma ga matashin Magarya akwai abin da ya fito fili: uzurin cewa ba ka iya Faransanci ba ya fara raguwa. Sai dai iya Hausar kasuwa daban, iya tsara hujja da Hausa a gaban prefe daban, kuma wannan na biyun ba a haifar mutum da shi.

A da akwai wuraren da ake koyon sa ba tare da an kira su makaranta ba. Ƙungiyoyin masu sauraron rediyo da aka kafa a Nijar tun 1962 suna tara mutane su saurari shiri, su tattauna, a naɗi muryoyinsu a mayar gidan rediyo. Samariya, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974, ta horar da matasa da dama ta hanyar wasan kwaikwayo, ko da yake kowa ya san abin da gwamnati ke so shi ake faɗa. Daga 1999, lokacin da aka buɗe gidan rediyon al'umma na farko a Bankilare, irin waɗannan ƙananan tashoshi suka bazu a karkara, kuma tun 2016 da yawansu ke ɗaukar shirye-shiryen Studio Kalangou da Hausa da wasu harsunan ƙasa.

Sai fada, wadda ta bunƙasa a garuruwan Nijar tun shekarun 1990. Manya suna yi mata kallon wurin zaman banza, wani lokaci da gaskiyarsu. Amma tsakanin shayi na farko da na uku ana gardamar ƙwallo, ta siyasa, ta farashin sefa da naira, kuma a nan ne yaro ke fara koyon jiran lokacinsa da mayar da martani ba tare da zagi ba. Abin da fada ba ta koyarwa shi ne taƙaitawa. Duk wanda ya saurari shirin kiran waya a rediyo ya san mai kiran da zai gaida mutum ashirin, kuɗin wayarsa ya ƙare kafin ya kai ga abin da ya sa ya kira.

Ga mata kuma hanyar ta fi tsawo. Yarinyar da aka rena a kan cewa kunya ado ce, ba ta haɗa ido da babba, ba ta ɗaga murya a gaban suruki, ba za a ce mata rana ɗaya ta tashi ta ƙalubalanci kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba. Ƙungiyoyin adashe na Mata Masu Dubara, da CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, sun yi aiki a nan fiye da yadda ake zato. Mace da ke tashi kowane mako ta faɗi abin da ke cikin akwati a gaban 'yan uwanta, ta bi bashi da lalama, ta sasanta rigima, tana yin atisayen jawabi ne. Da yawa daga cikin matan da suka zama kansiloli tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ta nan suka biyo. Dokar kason mata ta 2000 ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, ta kai 25 a 2019. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, don haka wannan dandalin a rufe yake a yanzu. Taron adashe dai yana nan.

Saƙon murya daga ci-rani

Babban dandalin jawabi a yau yana cikin aljihu. Ɗan Tsatsumburum da ke Legas, ɗan Malawa da ke Libiya ko Aljeriya, ɗan Dogo-Dogo da ke Kano, duk suna cikin zauren WhatsApp na garinsu, kuma da murya ake yin sa domin ba kowa ke rubutu ba. A nan ake tara kuɗin gyaran famfo, a nan ake sanar da rasuwa, a nan kuma rigima ke tashi. Wanda ya danna maɓalli ya yi magana ga mutum ɗari biyu, jawabi ya yi, ko da yana kwance a ɗakinsa.

Bambancinsa da gindin gawo shi ne ba ka ganin fuskar kowa. Babu dattijon da zai yi gyaran murya ya dawo da kai hanya. Kuma maganar ba ta mutuwa: saƙon da aka yi bara game da rufe iyaka yana iya dawowa bana ya hana mutane zuwa kasuwar Maigatari. Ga doka kuma. A watan Yunin 2024 aka gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka dawo da hukuncin ɗauri: shekara ɗaya zuwa uku kan ɓata suna ko zagi, biyu zuwa biyar kan yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida sun soki gyaran, amma yana aiki, kuma bai tsaya a kan 'yan jarida kaɗai ba.

Dabarar mai shela ita ce maganin yawancin wannan. Ka faɗi sunanka da inda kake da ranar da kake magana. Batu ɗaya a saƙo ɗaya. Ka raba abin da ka gani da idonka da abin da aka gaya maka. Idan kuɗi ake nema, ka faɗi nawa ne, na mene ne, hannun wa za su shiga, kafin ka shiga wa'azi a kan zumunci. Idan ranka a ɓace yake, ka naɗa, ka saurara, sannan ka yanke shawarar turawa. 'Yan ci-rani suna da wata matsalar ta daban: wanda ke aiko kuɗi yakan ɗauka ya sayi damar yi wa na gida tsawa. Kuɗin suna karɓa, maganar kuwa a bar masa kayansa.

Tsoron tashi a gaban mutane kuma ba aibi ba ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa, wanda da aka aike shi wurin Fir'auna ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa, ya kuma nemi a haɗa shi da ɗan uwansa Haruna da ya fi shi fasaha. A Amurka tun 1924 aka kafa ƙungiyar Toastmasters, wadda aikinta kawai mutane su haɗu, kowa ya tashi ya yi 'yan mintoci, sauran su gaya masa inda ya gyara da inda ya ɓata. Babu abin da ke cikin wannan da fada mai mutum goma da butar shayi ba za ta iya ba. Agogon salula ya isa, sai abokin da ba ya jin nauyin gaya maka cewa ka ce "wato" sau talatin.

Abubuwan da ake gyarawa ƙanana ne. Ka san jimlarka ta farko da ta ƙarshe kafin ka miƙe. Ka yi magana da wanda ya fi kowa nisa a taron, muryarka za ta daidaita da kanta. Idan ka faɗi adadi ko rana, ka ɗan yi shiru su zauna. Kalmar da kakarka ba za ta gane ba, ka nemo mata wata.

Masu rabon maganin damina da suka ƙware suna da wata dabara da ba ta cin ko dala. Bayan sun gama bayani ba sa tambayar uwa ko ta gane, domin kunya za ta sa ta ce ta gane. Sai su ce su ne masu mantuwa, ta taimaka ta faɗa musu yadda za ta ba yaron gobe da jibi. Idan ta faɗa daidai, su yi sallama su wuce gida na gaba. Idan ta ce za ta ajiye sai jikinsa ya yi zafi, su ajiye kwalin su sake zama.